Ƙarfen Ɗaukar Kekunan Jikokinmu

Mijina Duane Haugen ba mutum ne mai sa ido a kan abin wani ba. Tun muna da ƙuruciya nake zaune da shi, ban taɓa jin ya yi zancen motar maƙwabci ko gidan abokin aiki ba. Sai da ya tsufa, ya ajiye tuƙin motar ɗaukar 'yan makaranta, sannan kishi ya same shi, kuma a kan jikokinsa.

'Yarmu ɗaya ce, Kristin. Gidanta na tsallaken titi, gaba da namu kaɗan, in ka tsaya a tagar kicin ɗinmu kana hango ƙofarta. 'Ya'yanta biyu, Hazel mai shekara goma da ƙanenta Emmett. Tun suna rarrafe Duane ne kakansu namiji tilo a garin Winona, domin iyayen mijin Kristin suna can Milwaukee. Shi ya koya musu keke a bakin titinmu, yana bin su a guje riƙe da sirdi har numfashinsa ya sarƙe. Keken Hazel ma shi ya haɗa mata. Tsohon ƙarfe ya samo a gwanjo, ya kankare tsatsar, ya yi masa fenti ruwan ɗorawa, ya sa masa ƙararrawa.

Sai matar Gordon Pawlak ta rasu. Gordon shi ne mahaifin mijin Kristin. Ya sayar da gidansu, ya dawo Winona inda aka haife shi, don ya zauna kusa da ɗansa. Dogon mutum ne mai fara'a, ga surutu, ga saurin sabo. Ya zo da sabuwar a-kori-kura baƙa, a bayanta an maƙala wata babbar kariya, irin ƙarfen nan da ake jera kekuna a kai. Tasa kamar gado take, tayoyin keke su zauna a cikin kwarinsu, wani hannu ya sauko ya danne su, shi ke nan.

Yaran ba sa ce masa Kaka. Jaja suke ce masa, yadda mutanensu 'yan asalin Poland ke kiran kaka. Duane ya ce wannan suna ai kamar na akuya. Na ce masa ya rufa mana asiri.

Kafin bazara ta yi nisa ranar Asabar ta zama ta Gordon. Da safe zai tsaya a ƙofar Kristin, ya ɗora kekuna, su nufi tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar hanyar kekuna a bakin kogi. Duane kuwa, wanda tun da muka yi aure bai san inda soson wanke-wanke yake ba, sai ga shi duk Asabar a bakin famfon kicin, yana ɗauraye kofi ɗaya har a-kori-kurar ta sha kwana.

"Kofin nan ya fita, Duane," na ce masa wata rana.

"Bai sa wa Emmett hular kwanonsa daidai ba. Kin ga yadda ta karkace?"

"Daga nan ka hango?"

Ya ci gaba da ɗauraye kofin.

Abin ya ƙara tsami ranar bikin haihuwar Hazel. Muna bayan gidan Kristin ana gasa nama da masara, sai Gordon ya turo wani sabon keke shuɗi mai giya, mara nauyi, wanda yarinyar ke iya ɗagawa da hannu ɗaya. Hazel ta rungume shi har da tsalle. Da yamma Kristin ta turo mai ruwan ɗorawar nan zuwa garejinmu, ta ce, "Baba, a ajiye shi a nan mana, babu wuri a namu. Dama ya yi mata kaɗan." Gaskiya ne ya yi mata kaɗan. Duane ya karɓa, ya rataye shi a bango.

A wajen bikin ne kuma Gordon ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Surukina, kariyar nan tawa huɗu take ɗauka. Ni da yara mu uku ne. Ka kawo naka ranar Asabar mu tafi tare."

"Ina da aiki ranar Asabar," in ji Duane.

"Wane aiki kuma, Kaka?" Emmett ya tambaya, bakinsa cike da masara. "Kai da ka daina aiki."

Kowa ya yi dariya, har da Duane, amma ni na san irin dariyar.

A makon ya ce in shirya mu je shagon kekuna. Mai shagon, Marlys, mun san juna tun a coci. Duane ya gaya mata yana son abin ɗaukar kekuna uku a motarmu, nasa da na yara. Ni dai gwiwata ta hana ni keke tuntuni, nawa rakiya ce da kwandon abinci.

Marlys ta zagaya da mu. Ta fara nuna mana wadda ake ɗaurewa a murfin but ɗin bayan mota da igiyoyi. Duane ya girgiza ta ya ce wannan ai wasan yara ne, kekuna za su riƙa gogar juna suna kankare fenti. Ta nuna mana ta kan rufi, wadda keke ke tsayawa a tsaye a saman mota. Daga nan ta kai mu gaban ta ukun.

"In da ni ce ku, wannan zan ɗauka," in ji ta. "Sai dai a sa wa motarku ƙugiyar jan tirela a ƙarƙashin bamba, a nan take shiga. Ba ɗaga keke sama, iyakarsa gwiwa. Kuma tana kwantawa baya in za ku buɗe but."

Duane ya durƙusa ya duba waldar, ya taɓa hannun da ke danne taya, ya ja shi ya ji ƙarfinsa. Na ga ta shiga ransa. Har ya fara tambayar wanda ke sa ƙugiya a gari.

"Ai ka ma san ta," in ji Marlys. "Irinta ce sak a motar Gordon Pawlak. Kullum ya shigo sai ya yabe ta."

Duane ya miƙe, ya kaɗe gwiwar wandonsa.

"Ta kan rufin nan, mu sake ganinta."

Marlys ta dube ni, ni kuma na dubi silin.

A mota, da kwalayen ƙarafa a kujerar baya, na ce, "Duane, kafaɗar nan taka da ba ka iya ɗauko tukunya daga saman kabad, ita za ta ɗaga keke sama da kanka?"

"Akwai tsani."

"Don dai kar a ce ka kwaikwayi Gordon."

"Wa ya kawo zancen Gordon? Ta kan rufi ta fi tsari. Ba ta tare lamba, ba ta tare fitila, in wani ya daki bayanka kekuna na nan lafiya. Waccan ta malalata ce."

"Ɗazu ai shafa ta kake yi kamar jinjiri."

"Lorraine, ki bar ni in yi tuƙi."

Ya ɗaura ta da kansa. Yini guda yana kan tsani da sifana, yana ɗaure noti yana kwancewa. Bayan nan kullum da hantsi sai ya rufe ƙofar gareji rabi, ya fito da motar ta baya inda ba a hango shi daga gidan Kristin, ya yi ta gwajin ɗora kekensa da sauke shi. Da yamma in shafa masa man zafi a kafaɗa, yana cije leɓe yana cewa ba komai.

Da ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya tsallaka ya nemi a ba shi yara ranar Asabar. Kristin ta ce, "Baba, ka san Asabar ta Jaja ce. Me zai hana ka ɗauki Lahadi bayan coci?"

"Yaushe aka raba kwanakin ban sani ba?"

"Haba Baba. Mutumin nan shi kaɗai yake kwana yake tashi. Kai kana da Mama, kuma kullum kana ganinsu."

Ya dawo ya cika ya yi fam. Amma ya karɓi Lahadin.

Ranar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Rana ta fito, iska na kaɗawa daga kogi. Ɗora kekunan ya ɗauki lokaci, Emmett yana tsaye yana cewa Jaja da tuni ya gama, Hazel tana zungurinsa da gwiwar hannu. Da aka ɗora shuɗin keken, Duane ya ɗaure shi ya sake ɗaurewa, ya fi ba shi kulawa a kan nasa. Bai kai su inda Gordon ke kai su ba. Ya tsallaka gada ya wuce gaba, zuwa wani wuri da hanyar ke ratsa fadama a kan katako, inda yake zuwa kamun kifi yana saurayi. Na shimfiɗa bargo a ƙarƙashin bishiya, suka tafi suka bar ni.

Da suka dawo yaran na rige-rigen ba ni labari. Sun ga gaggafa mai farin kai ta sauko ta suri kifi a gabansu, kusa har sun ji ƙarar fikafikanta. Duane na bayansu, gumi ya jiƙe masa riga, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Muka ci burodi da nama da kek ɗin tuffa da na toya. Emmett ya kwanta a cinyar kakansa ya ce nan ya fi wurin Jaja. Duane ya dube ni don ya tabbatar na ji.

A hanyar gida, mun kusa shiga unguwa, Hazel ta ce, "Kaka Lorraine, ara mini wayarki in gaya wa Jaja labarin gaggafar."

Na miƙa mata. Me zan ce? Ta sa muryar a fili yadda yara ke yi, sai ga muryar Gordon ta cika motar. Ya yi ta mamaki yana tambaya, ita kuma tana zuba. Can ta ce, "Jaja, Asabar sai mu kai ka wurin. Na gane hanyar. Da motarka ma za mu fi saurin zuwa."

"To shi ke nan, 'yar gidana, ke za ki yi mana jagora," in ji Gordon.

Na saci kallon Duane. Ya ƙura wa titi ido. Ya karya kan mota zuwa gidanmu, ya miƙa hannu ya danna maɓallin ƙofar gareji kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru, ƙofar ta ɗaga, ya shiga. Ni ma ban tuna da kekunan da ke kan rufi ba. Hankalina na kan fuskarsa.

Ƙarar ta yi kama da an kifar da kwandon tukwane a kanmu. Motar ta tsaya cak, rufin ya lotsa, wani abu ya faɗo ta gilashin baya ya daki ƙasa. Emmett ya fashe da kuka. Daga cikin wayar Gordon na ta kiran sunan Hazel.

Babu wanda ya ji ciwo. Muka fito. Keken Duane ya lanƙwashe a kan rufi, na Emmett da yake gajere ya tsira da ƙujewa. Shuɗin kuwa yana ƙasa, ƙarfensa ya karye gida biyu, tayar gaba na ta juyawa ita kaɗai.

Hazel ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a kansa, sannan ta ɗago ta dubi kakanta.

"Dama ba ka son keken nan," ta ce. "Tun ranar da aka ba ni na sani."

"Hazel," na ce.

Ta juya ta tsallaka titi ta shige gidansu.

Duane bai motsa ba. Yana nan tsaye hannuwansa a sake har a-kori-kurar Gordon ta iso. Gordon ya diro, ya fara duba Emmett, ya leƙa ni, sannan ya dubi ɓarnar ya girgiza kai.

"Ƙarfe ne kawai, surukina," ya ce. "Tunda kowa lafiya, an gode Allah. Gobe sai in je wajen Marlys in samo mata wani."

"Ba kai za ka saya ba."

"Ai ba wani abu..."

"Na ce ba kai za ka saya ba, Gordon."

Gordon ya ɗaga hannuwansa biyu. Ya tsaya ya taya shi sauke karyayyun ƙarafan, domin kafaɗar Duane ta ƙi ɗaguwa sam. Ina kallon mijina yana riƙe wa mutumin tsani, kansa a ƙasa.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya yi tsit. Ya daina tsayawa a taga. Abinci ma sai ya tsakura ya ture. Ya kai mota aka buga rufin, aka gyara katakon saman ƙofar gareji, ya je wajen Marlys ya sa ta yi odar keke irin wancan, launi ɗaya, girma ɗaya. Da ya iso shi ya tura shi har ƙofar Kristin. Hazel ta ce ta gode, uwarta na tsaye a kanta. Ba ta hau a gabansa ba.

Wata safiya yana zaune da gahawarsa ta huce, ya ce, "Lorraine, ke ma kina ganin da gangan na yi?"

"A'a."

"Amma gaskiya ta faɗa. Ba na son keken."

"Rashin so daban, karyawa daban. Ita ma za ta gane."

Don in kwantar masa da hankali na ƙara da cewa, "Kuma kana zaton kai kaɗai ne? Gordon ma yana jin haushinka. Kai ka raine su, kai ne a tsallaken titi, shi baƙo ne ya zo daga baya. Me kake tsammani ya sa yake sayen manyan kaya? Tsoro yake ji."

Ban san ko haka ne ba, faɗa kawai na yi. Amma maganar ta shige shi. Na ga ya ɗan saki fuska, har ya ci ƙwai biyun da na soya masa.

Ashe bai bar ta a nan ba. Ranar da muka gayyaci Gordon cin abinci, don a gode masa, bayan an kwashe kwanuka suna zaune a baranda, sai na ji Duane ya yi gyaran murya. Ina kicin, tagar a buɗe.

"Gordon, bari in tambaye ka. Tsakani da Allah. In ka ga yaran nan suna shigowa nan kullum, ba ya ɗan sosa maka rai?"

"Sosa rai kamar yaya?"

"Ka gane ai. Kamar a ce sun fi sabawa da ni."

Gordon ya ɗan yi tunani, da alama da gaske yake auna maganar. Sannan ya ce, "Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ai daɗi nake ji. Ni kakana ɗaya na tarar, shi ma ba ya magana da yara. Waɗannan suna da biyu. Me ya sa ka tambaya?"

"Ba komai."

"Ko na yi wani abu ne?"

"Ba ka yi komai ba. Sha gahawarka."

Da ya tafi Duane ya shigo kicin ya tsaya a bayana.

"Kin ji ko? Ko a jikinsa. Ni ina nan ina cin raina tun farkon bazara, mutumin nan bai ma san ana yi ba."

"To ba shi ke nan ba?"

"Shi ke nan me? Ai wannan ya fi ciwo. Har a kirki ma ya fi ni."

Na so in yi dariya, amma da na juyo na ga idonsa ya kaɗa, sai na fasa.

Bayan nan ya kai motar aka sa mata ƙugiya. Ya koma wajen Marlys shi kaɗai, ya dawo da kariya irin ta Gordon, sai dai ta wani kamfani daban, mai launin toka. Ya yi mini dogon bayani a kan yadda makullinta ya fi na waccan. Na ce na yarda.

Hazel ta sauko a hankali, yadda yara ke yi, ba tare da an zauna an yi magana ba. Lahadin farko ta ce kanta na ciwo, Emmett kaɗai ya bi mu. Ta biyun ta zo amma ta zauna a baya da littafi. Daga baya na ji ta daga bakin hanya tana tsokanarsa wai tsoho ya kasa hawa tudu, shi kuma yana ce mata sarkin baki.

Da kaka ta shigo, ganyaye suka fara ja, aka yi wa Gordon aiki a gwiwa. Likita ya hana shi keke da tuƙi sai bayan sanyi. Asabar da Lahadi duk suka dawo hannun Duane. Na zaci zai yi murna, kuma ya yi, na ɗan lokaci. Sai dai duk ranar da suka fita, a hanyar dawowa yaran sai sun ce a biya ta gidan Jaja. Da farko a mota yake zama, injin a kunne. Daga baya ya fara shiga, wai don ya hanzarta su. Ya dawo ya ce mini firijin mutumin babu komai sai madara da burodi, kuma matakalar ƙofarsa na rawa, wata rana sai ta kayar da shi. Washegari na ga ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya fita.

Asabar ɗin ƙarshe kafin dusar ƙanƙara na dafa miyar kaza da taliya, na zuba mana namu, na cika wata tukunya na ce su kai wa Gordon. Duane ya gama ɗora kekuna ya shigo ɗauka. Ya ɗaga murfin ya leƙa, ya ɗauki ludayi ya juya, sannan ya leƙa tamu.

"Cinyoyin duk a tasa suke," ya ce.

"Mara lafiya ne, Duane."

"Ni ma kafaɗata ba ta warke ba."

Ya tsamo cinya ɗaya ya mayar cikin tukunyarmu. Ya tsaya yana kallonta, yara na danna masa hon a waje. Ya yi tsaki, ya sake tsamo ta ya mayar wa Gordon, ya naɗe tukunyar da tawul don kar ta huce, ya fita.